The Hunger Games Ko The Giver: Wanne Ya Fi Nauyi A Zuciyar Matashi?

'Yar'uwa, na karanta tambayarki, inda kika ce kin kammala The Hunger Games kuma har kin kwana biyu zuciyarki ba ta sake ba saboda mutuwar yarinyar nan Rue, sannan wani ya ba ki shawarar ki nemo wa ƙanwarki mai shekara 13 littafin The Giver a madadinsa, wai ya fi sauƙi. Na karanta duka biyun, kuma abin da na gani shi ne jini ya yi ƙaranci a The Giver, amma nauyinsa a zuciya bai gaza na ɗayan ba. Dole in tona wasu sirrin labaran kafin in iya kafa hujja, don haka wanda bai karanta ba, kuma ba ya son a riga shi, ya dakata a nan.

Suzanne Collins ta fitar da The Hunger Games a shekarar 2008. Ƙasar da ta ƙirƙira, Panem, ta tsiro ne a kan kufan Amurka ta Arewa bayan fari da gobara da ambaliyar teku da yaƙi sun cinye duniyar da aka sani. Babban birni yana cikin daula, gundumomi 12 suna yi masa bauta, kuma domin hukunta su kan tawayen da suka taɓa yi, kowace shekara sai kowace gunduma ta miƙa yaro ɗaya da yarinya ɗaya masu shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fili guda su kashe juna, ana nunawa a talabijin. A nan babu wanda ya jahilci cewa ana zaluntarsa. Kowa ya san azzalumin, ya san inda yake, tsoro da yunwa ne kawai suka rufe bakuna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a littafin shi ne tsarin ƙuri'ar, fiye ma da kashe-kashen. Yaro yana iya ƙara sunansa a cikin tulun ƙuri'a domin a ba shi ɗan hatsi da mai na mutum ɗaya na tsawon shekara, kuma sunayen taruwa suke yi shekara bayan shekara. Katniss, jarumar labarin, wadda mahaifinta ya rasu a fashewar ramin haƙar kwal tana da shekara 11, ta kai shekara 16 sunanta yana ciki sau 20. Abokinta Gale, mai ciyar da ƙannensa, sau 42. Ɗan mai hali ba ya bukatar wannan ciniki. Da haka gwamnati ta mai da talauci ya zama shi ne mai zaɓen wanda zai mutu, ta kuma shuka gaba tsakanin maƙwabta. Duk da haka sunan Prim, ƙanwar Katniss, wanda sau ɗaya tak aka jefa, shi ya fito, Katniss ta tsaya a madadinta.

The Giver na Lois Lowry ya riga shi da shekara 15, domin ya fito a 1993, ya kuma ci lambar yabo ta Newbery, ta littattafan yara a Amurka, a 1994. A garin Jonas, yaron da labarin ke bi, babu yunwa, babu yaƙi, babu mai ɗaga murya. Ba a kawo labarin wata masifa da ta rushe duniya ba. Mutanen da ne suka zaɓi su daidaita komai domin su huta da wahala, sai launi da kiɗa da tuddai da sauyin yanayi suka tafi tare da wahalar. Hukuma ce ke haɗa miji da mata, ta ba su ɗa ɗaya da 'ya ɗaya waɗanda wasu matan suka haifa, ta kuma zaɓa wa kowa sana'arsa idan ya cika shekara 12. An zaɓi Jonas ya gaji wani dattijo wanda shi kaɗai ke ɗauke da tunanin duk abin da ɗan Adam ya taɓa ji, mai daɗi da mai ɗaci, domin sauran jama'a su zauna ba su san komai ba. Mai karatu zai yi nisa yana ganin garin kamar wurin da zai so ya zauna, kuma da gangan marubuciyar ta bar shi ya saki jiki.

Ki ajiye mutuwar Rue kusa da wata mutuwa da ke cikin The Giver, za ki ga bambancin da nake nufi. Mashi ne ya soke Rue, ƙaramar yarinyar Gunduma ta 11 da ta haɗa kai da Katniss a filin gasar, Katniss ta rera mata waƙa har ta cika, ta tsinko furanni ta lulluɓe gawar a gaban kyamarori, daga baya mutanen Gunduma ta 11, duk da talaucinsu, suka aiko mata da burodi. Mutuwa ce mai ciwo, amma an yi mata kuka, an kira ta da sunanta, kuma mai karatu ya samu waɗanda zai yi makoki tare da su. A garin Jonas kuwa akwai abin da suke kira sallama, wanda ake yi wa tsofaffi da masu maimaita laifi da jariran da ba su cika ƙa'ida ba, kuma kowa ya ɗauka wani wuri ake tura su. Wata rana Jonas ya kalli hoton bidiyon mahaifinsa, mai renon jarirai, mutum mai taushin hali, yana auna wasu tagwaye. Ya ware wanda bai kai ɗan'uwansa nauyi ba, ya soka masa allura a jijiyar goshi yana yi masa magana da muryar lallashi, jaririn ya yi shiru, ya saka shi a kwali ya tura ta ramin shara, har yana yi masa ban kwana. Babu ihu, babu jini, kuma mutumin ya koma gida ya ci abinci da iyalinsa. Wannan shafin ya fi duk abin da ke filin Panem daɗewa a raina, saboda mai kisan uba ne nagari a idon kowa, kuma an ƙwace masa hatta kalmar da zai gane abin da hannunsa ya aikata.

Salon rubutun ma ya bi wannan bambanci. Katniss ce ke ba da labarinta da bakinta, kamar yanzu abin ke faruwa, shi ya sa littafin ke jan mutum da gudu, kuma a ganina wani lokaci gudun yana hana a tsaya a yi tunani. Ɓangaren soyayyarta da Peeta, yaron da aka zaɓa tare da ita daga gundumarsu, ma ya ɗan janye hankali daga babbar magana. The Giver gajere ne, harshensa a sanyaye yake, yana barin ƙaramin abu ya yi aiki: tuffa da ta sauya a idon Jonas tana cikin iska kafin ya san sunan jan launi, ko ranar da ya tambayi iyayensa ko suna ƙaunarsa, suka gyara masa magana cewa kalmar ta tsufa, ba ta da takamaimiyar ma'ana. Rauninsa shi ne bai bayyana yadda dattijon ke zuba tunani a jikin yaro ta hanyar ɗora masa hannu a baya ba, kuma mai son a fayyace masa komai zai ji an bar shi da ƙishi.

Asalin littattafan yana ƙara haske. Collins ta ce tana sauya tashoshin talabijin ne da dare, tsakanin wata gasar matasa da hotunan yaƙin Iraƙi, sai abubuwan biyu suka cakuɗe mata, ga shi kuma mahaifinta soja ne da ya je yaƙin Biyetnam. Ita kuwa Lowry ta danganta nata da mahaifinta da tsufa ya fara shafe wa tunani, har ya manta rasuwar 'yarsa, abin da ya sa ta tambayi kanta ko mantuwa rahama ce. Shi ya sa na farko ke tuhumar mai kallon wahalar wasu don nishaɗi, na biyu kuma ke tuhumar mai neman kwanciyar hankali ko da me za a biya.

Game da ƙanwarki, idan abin da ke firgita ta shi ne ganin jini da farautar mutum, The Giver ya fi dacewa ta fara da shi. Idan kuwa yarinya ce mai riƙe abu a zuci, mai yawan tambaya, ki sani cewa The Hunger Games yana rufewa da Katniss da Peeta a raye bayan sun tilasta wa masu gasar janye hukuncinsu na cewa mutum ɗaya kaɗai zai tsira, alhali The Giver yana barin Jonas cikin dusar ƙanƙara, ga yunwa ga sanyi, rungume da jariri Gabriel da ya gudu da shi don kada a sallame shi, yana jin kamar kiɗa daga nesa, ba tare da an faɗa ko sun tsira ba. Shawarata ita ce ki riga ta karanta The Giver, tunda ba zai ci miki fiye da yini biyu ba, ki sa alama a babin tagwayen, kuma ranar da ta kai wurin ki kasance kusa da ita, domin za ta so ta tambayi wani ko mahaifin Jonas mugu ne.