Gidan Abinci: A Kunna Ƙwallo ko A Bari?

Gidan abincin da ke nuna gasar Firimiyar Ingila yakan cika maƙil, balle ranar da Arsenal ta haɗu da Chelsea. Sai dai cikar ba ciniki ba ce. Saurayi zai sayi lemo kwalba ɗaya ya riƙe kujera minti 90, ga kuɗin DStv, ga man janareta in an ɗauke wuta, ga ihu da musu. Magidancin da ya zo da iyalinsa kuwa daga bakin ƙofa zai juya.

Inda babu talabijin, a ci a tashi, wani ya zauna. Ni can na fi so. Mai son ƙwallo ai ga gidan kallo a unguwa, ya je ya biya kuɗin shiga.