Maɗaba'ar da ba ta karɓar fayil sai ta yi masa tankaɗe da rairaya

Akwai wata ƙaramar maɗaba'a a Fagge da nake kai wa aiki tun bara, abokan sana'a kuma sun ishe ni da tambayar ko ta ci kuɗin da take karɓa. Ni dai abin da nake ci da shi zanen katin ɗaurin aure ne, da kalandar saukar Alƙur'ani, da takardun tallan 'yan kasuwa. Idan aikinka na da yawa kuma kana da lokaci, je ka. Idan gobe ne ɗaurin auren, nemi wani wuri.

Injinansu irin na kowa ne: tsohon Heidelberg na manyan ayyuka, da na dijital wanda ake ce wa DI don ƙananan bugu. Abin da ya sa nake komawa shi ne matashin da ke zaune gaban kwamfutar bakin ƙofa. Duk fayil ɗin da ya shigo sai ya bi ta hannunsa, kuma ba ya jin kunyar mayar wa mutum da kayansa. Na ga ya ce wa wani dattijo mai babbar riga, "Alhaji, a yi haƙuri, wannan hoton idan muka buga shi kai da kanka ba za ka gane fuskarka ba." Hoton ta WhatsApp aka turo shi, WhatsApp kuwa matse hoto yake yi sai dai idan an tura shi a matsayin takarda. A waya ya yi ras, amma bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da zai cika shafin A4 sai ya kai wajen ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, na Alhaji ko rabi bai kai ba. Ya yi ta faɗa, daga baya ya kira ɗansa a turo na asali.

Inda suka fi burge ni shi ne launi. Allon waya da na kwamfuta da haske suke haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Inji kuwa tawada huɗu yake zubawa, CMYK, kuma akwai launukan da tawada ba ta iya kaiwa gare su. Koren nan mai ƙyalli da 'yan makarantun Islamiyya ke mutuwar so a kalandarsu shi ne na farko da ke dushewa, sai shuɗi mai kaifi, wanda kan karkata ya koma kamar shunayya. Wasu wuraren sai su juya fayil ɗin da kansu su buga, ka zo ka tarar da abin da ba ka zana ba, a ce maka haka inji ya fitar. A nan sai an buga maka gwaji guda, ka duba da idonka, ka sa hannu a bayansa. Kuɗin gwajin a kanka yake. Da farko na ɗauka wayon cin kuɗi ne, amma wanda ya taɓa ganin kalanda dubu an zube ta a kwali ba mai so, ba zai yi gardamar kuɗin takarda ɗaya ba. Sai dai a sani, gwajin na dijital ne, ba lallai ya yi daidai ɗari bisa ɗari da abin da babban inji zai fitar ba. Su ma suna faɗa maka haka.

Baƙin rubutu ma suna dubawa. Ƙananan haruffa dole su kasance da baƙar tawada zalla. Idan baƙin haɗin tawada huɗu ne, kowace tawada da farantin da ke buga ta a inji, ɗaya ya ɗan goce, sai ka ga rubutun ya yi inuwa.

Sai maganar da ta shafe mu mu masu rubutun Hausa. Yawancin ƙayatattun salon haruffan da ake saukewa a intanet ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ka rubuta "ɗaurin aure" a kwamfutarka ya fito lafiya, a buɗe a wata kwamfutar da ba ta da wannan salon, sai harafin farko ya koma akwati ko ya ɓace. Shi ya sa ba sa karɓar fayil ɗin manhajar zane ta CorelDRAW sai an mayar da rubutun zane, abin da Ctrl+Q ke yi cikin ƙiftawar ido. Rubutun Larabci ma haka, domin aya a kan kalanda ba abin wasa ba ce, haruffa su rarrabu ko wasali ya gusa. Matashin nan yana karanta Larabci, yana kuma tsayawa ya bi layi-layi. Wannan kaɗai ya isa in ba su yabo. Sun fi son PDF, ko don CorelDRAW ɗinsu tsoho ne, ba ya buɗe fayil ɗin sabo.

Rarar gefe, wato ƙarin da ake bari a bakin zane don a yanke bayan bugu, ba sa sassauci a kanta: milimita 3 kowane ɓangare. Takardar A5 mai milimita 148 da 210 sai ka kawo ta 154 da 216, launin bango ya malala har waje, rubutu kuma ya ja baya daga bakin yanka. Masu aiki da manhajar Canva su zaɓi PDF na bugu su kunna alamun yanka. Ɗan littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya kuwa, shafukansa su rabu huɗu-huɗu, in ba haka ba a cike maka da farar takarda.

To, ga inda suka gaza. Mutum ɗaya ne ke duba fayil, ranar da bai zo ba aiki ya tsaya cak. Lokacin siyasa kada ma ka soma, fastocin 'yan takara sun cinye layin, kai mai kati ɗari biyu sai dai a yi ta ce maka "in sha Allahu anjima". Idan aka ɗauke wuta ba sa tayar da janareto don ƙaramin aiki. Farashinsu ya ɗara na maƙwabta, gyaran fayil ma kuɗinsa daban, kuma ba a faɗa maka sai ka zo biya, abin da nake ganin bai dace ba. Mai yankansu kuma hannunsa bai kai na mai duba fayil ba. An taɓa ba ni katin gram 300 da gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ƙiri-ƙiri. Sun sake bugawa ba musu, amma ango ya riga ya kira ni ya fi a ƙirga. Tun daga nan ba na zana siririn layi kewaye da kati idan su za su yanka, kuma a gabansu nake kwance ɗaurin in zaro daga sama, tsakiya da ƙasa kafin in biya cikon kuɗi.