Wane mai ya kamata sabon mai haɗa sabulu ya saya?

Sabulun da ake haɗawa ba tare da dafawa ba abu uku ne: mai, ruwa da kostik soda. Kowane mai yana da adadin sodar da yake ci. Kilo ɗaya na man zaitun yana buƙatar kusan giram 135, kitsen saniya kusan giram 140, man kwakwa kuwa sai ya haura giram 175. Don haka kafin ka duba ƙamshi ko kumfa, ka fara tabbatar da cewa abin da ke cikin kwalbar shi ne aka rubuta a jikinta.

Ni dai kitsen saniya na fi ba wa sabon shiga shawara. Ka sayo shi ɗanye, ka yanka ƙanana, ka narkar a wuta kaɗan-kaɗan, ka tace da tsumma mai tsabta, ka bar shi ya daskare fari fat. Da idonka ka ga asalinsa, babu mai yi maka algus. Ba ya gaggawar yin kauri bayan an zuba ruwan soda, saboda haka hannun da bai saba ba yana samun lokacin juyawa da zubawa a mazubi cikin natsuwa. Sabulunsa yana fitowa da tauri, yana daɗewa ana wanka da shi, kumfarsa laushi gare ta, ba ta busar da fata. Masu cewa yana wari, yawanci wuta suka cika masa ya ƙone wajen narkarwa. Abin da ya rasa shi ne yawan kumfa, kuma maganin wannan man kwakwa ne, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na duka man da za ka haɗa. Bayan kwana ɗaya ko biyu da zuba sabulun a mazubi ka yanka, ka shanya a inuwa inda iska ke shiga mako 4 zuwa 6.

Man zaitun zalla yana da taushi a jiki, amma sai an jira shi wata shida ko fiye, kuma sabon shiga ba shi da wannan haƙurin. Man kwakwa shi kaɗai yana tsotse maiƙon fata. Manja yana ba da tauri, sai dai jansa yana rina kumfa. Man waken soya kuwa ka bar shi, sabulunsa laushi ne da shi, kuma yana saurin fitar da ɗigo-ɗigo ruwan lemo da warin tsohon mai.

Maganar jabu ce ta fi damuna. Ana surka man zaitun da mai mai arha. Idan da na waken soya aka surka, lissafin soda ba zai kauce sosai ba, amma sabulun zai lalace da wuri. Wanda ya fi haɗari shi ne surki da man farafin, wanda ake samu daga ɗanyen man fetur, domin soda ba ta cin sa ko kaɗan. Sodar da ka auna masa tana nan da ranta a cikin sabulun, ita ce za ta ƙona fatar mai wanka. Mai marar suna, wanda aka rubuta masa "man girki" kawai, ba a yi masa lissafi.

Sodar ma sai an yi hattara. An taɓa sayar min da wadda aka ɗura a leda ba rubutu, ta dunƙule ta yi danshi, haɗin ya ƙi kamawa. Kostik soda tana shan ruwan da ke cikin iska, ƙarfinta ya ragu. Ka nemi busasshiya, fara, a rufe gam, mai rubutun sodiyom haidoroksaid kashi 98 ko 99. Ta fotashiyom sabulun ruwa take yi. Garin sodar da ake buɗe magudanar ruwa da shi kuma wani yana ɗauke da ɓurɓushin alminiyom, kada ya kusanci sabulunka.

Ka sayi sikelin lantarki mai auna giram ɗaya, domin cokali da kofi ba sa aikin nan. Ka haɗa da safar hannu, tabarau mai rufe ido, da kwanon ƙarfen da ba ya tsatsa ko roba mai lamba 5 a gindinta. Tukunyar alminiyom soda tana cinye ta. Kuma soda ake zubawa a cikin ruwa, a hankali, a wurin da iska ke wucewa, ba a taɓa zuba ruwa a kan soda.