Kek ko alkaki a biki?

Kek ɗin biki dai ba namu bane, asalinsa tun zamanin Rumawa ne, lokacin da ake farfasa burodi a kan amarya don neman albarka, farin kek ɗinnan mai ado da sukari kuma bikin Sarauniya Victoria ta Ingila a 1840 ne ya ƙara fito dashi. Yana kyau a hoto wallahi, amma ana yankawa wajen dina shikenan, in da zafi ma kirim ɗin narkewa yake kafin amarya ta iso.

Alkaki kuwa alkama ce aka soya aka tsoma a ruwan sukari ko zuma, a kai cikin gara dangin ango su raba, yayi makonni a kwano bai lalace ba. Ni dai in kuɗi basu kai biyun ba alkaki zan ɗauka.