Wata tara ina raka Umma cibiyar ciwon daji: abin da na gani

Na ƙi rubuta wannan sharhi sai da Umma ta gama gashi, wato ƙona ciwon daji da hasken na'ura, don kada fargaba ko ɗoki su sa in faɗi abin da ba shi ne ba. Cibiyar da muka yi ta zarya a cikinta ba ta neman riba ce, da gudummawar jama'a da kuɗin tallafin bincike take tafiya, kuma magani da bincike duk a gini ɗaya ake yin su. Wanda zai je ya cire wa ransa cewa komai kyauta ne. Akwai abin da asusun tallafinsu ya ɗauke mana bayan mun cike takardu, akwai wanda muka biya da kanmu.

Ƙullutu ne Umma ta ji a nononta na hagu, ba ciwo ba komai, shi ya sa ta yi wata biyu ba ta gaya wa kowa ba. Da muka je, ba su yi gaggawar kai ta tiyata ba. An tsakuri ɗan nama da allura aka kai ɗakin gwaji, aka duba kaluluwar hammata, sannan likitan tiyata da na kemo (magunguna masu kashe ƙwayoyin ciwon daji) da na gashi da mai karanta hoto suka zauna a kan fayil ɗinta tare. A lokacin haushi na ji, gani nake ana ɓata mana lokaci. Daga baya na gane cewa sankarar nono ba iri ɗaya ba ce: wata sinadarin hormon ke ciyar da ita, wata tana da furotin ɗin da ake kira HER2, kowacce da maganinta. Ta Umma mai bin hormon ce, shi ya sa yanzu take shan tamoxifen, ƙwaya ɗaya kullum, na aƙalla shekara 5.

Kemo ne ya fi ba mu wuya. Zagaye 8, kowane bayan kwana 21. A huɗun farko akwai wani jan magani, doxorubicin, da nas ke zama ta tura a hankali ta jijiya, idonta a kan allurar, saboda in ya zube a ƙarƙashin fata yana ƙona nama. Kafin ta fara sai da ta riƙe hannun Umma ta ce, "Umma, fitsarinki zai yi ja yau da gobe, ba jini ba ne, kada hankalinki ya tashi." Da ba ta faɗa ba, da a daren nan mun kwana a sashen gaggawa. Ita ce kuma ta ba ni ma'aunin zafin jiki, ta ce daga kwana 7 zuwa 14 fararen ƙwayoyin jini ke faɗuwa, in zafin ya kai 38 kada in tsaya neman maganin zazzaɓi, in kawo ta ko da ƙarfe biyun dare ne. Sau ɗaya hakan ta faru, kuma kafin mu gama zama an ɗaura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sumarta ta fara zuba a mako na uku. Ni na yi kukan, ita dariya ta yi ta ce an hutar da ita tsifa.

Amma abin da ya sa na yarda da wurin a sashen gashi ya faru. Na je da lissafin mako 5, wato zuwa sau 25, kamar yadda aka yi wa wata da na sani shekarun baya. Likitan ya ce zuwa 15 ya isa, cikin mako 3. Sai raina ya ba ni rage mana aka yi don ba mu biya cikakke ba, na kuwa faɗa masa a fuskarsa. Bai ji haushi ba. Ya ce wasu manyan gwaje-gwaje da aka yi a Birtaniya, masu suna START, waɗanda sakamakonsu na shekara 10 ya fito a 2013, sun nuna zuwa 15 na aiki kamar 25, har ma illarsa ga nonon ta fi sauƙi. Ya ƙara da cewa a 2020 wani binciken ya nuna wasu matan zuwa 5 kacal ya ishe su. Na fito ina tunani: ga mutumin da ba shi da abin da zai samu in ya tsawaita mana zarya, ya kuwa gajarta ta.

An gayyaci Umma shiga gwajin wani sabon magani. Ta ce a'a, babu wanda ya canza mata fuska, kulawar ba ta ragu ba. Ta dai yarda a ajiye ragowar naman da aka cire don bincike. Sai dai takardar amincewar ta yi tsawo, cike da kalmomin likitoci, har ni da na yi karatu sai da na nemi a yi mini bayani sau biyu.

Ƙorafina na gaske jira ne. A ba ka ƙarfe tara, ka ga likita bayan ɗaya. Na'urar gashin ta taɓa lalacewa kwana huɗu, babu wanda ya kira mu, sai da muka iso muka tarar da takarda manne a ƙofa. Lambar wayar ofishin karɓar marasa lafiya kuwa, ka kira har ka gaji. Kujerun masu jinya ma ba sa isa, na sha yin wuni a tsaye a jikin bango.

Duk da haka, 'yar'uwata da ta tambaye ni inda za ta kai surukarta, can na tura ta, na ce ta tafi da duk tsoffin hotuna da sakamakon gwaji, da littafin rubuta tambayoyi, da cajar waya. Mu kuma wata uku nan gaba za mu koma a duba Umma. Sumar ta fara tsirowa, fara fat, taushi kamar ta jariri.