Jabra Evolve2 40: hedfon ga mai aikin ofis daga gidan haya a Nima

Gidajen haya na Nima, Mamobi da Sabon Zongo a Akara ba don taron intanet aka gina su ba. Tsakar gida ɗaya ce ga kowa, ana daka fufu a nan, rediyo na ta yi a can, yaran trotro, motocin haya, na kiran fasinja a bakin titi, idan dumso, wato ɗauke wuta, ya zo kuma janareton maƙwabci ya karɓi aiki. Amma a irin waɗannan gidajen ne matasanmu ke amsa kiran kwastomomi, suke fassara, suke koyar da ɗalibai a Ingila da Amurka. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna Jabra Evolve2 40, hedfon mai waya na kamfanin ƙasar Denmak.

Ana yawan kafa hujja da binciken Nicholas Bloom na jami'ar Stanford a kamfanin Ctrip na Shanghai, wanda aka buga a 2015: masu amsa waya da suka koma aiki daga gida sun ƙara ƙwazo da kashi 13 cikin ɗari, wani ɓangare na ƙarin kuwa daga shirun gida ya fito. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sai mai wurin aiki nasa na kansa a gida aka bari ya shiga gwajin. Ɗan zongo ba shi da wannan ɗakin. Hedfon ne zai tsaya masa a madadin bango da ƙofa.

Ƙarfin wannan na'ura yana wajen makirufo. Guda uku ne suke aiki tare, suna ware muryar da ke kusa da baki daga hayaniyar da ke nesa. Ƙara mai tafiya bai ɗaya, kamar fanka ko janareto, tana raguwa sosai a kunnen mai sauraro. Ƙara mai zuwa kwatsam, kukan jariri ko faɗuwar kwano, tana ratsawa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A 2025 masu bincike a jami'ar Yale, cikinsu har da Brian Scholl, sun nuna cewa idan murya ta fito siririya kamar daga cikin gwangwani, masu sauraro na rage wa mai maganar daraja ta fuskar basira, gaskiya da cancantar ɗauka aiki, alhali sun ji kowace kalma. Wanda ke Turanci da karin harshen Gana a gaban shugabanni a Landan yana da isasshen hawa a gabansa, bai kamata makirufon kwamfuta ya ƙara masa wani ba.

Sai dai a saita shi daidai. Sandar makirufon ta tsaya a gefen baki, tazarar yatsa biyu. Idan ta zo tsakiyar leɓe, numfashi zai riƙa bugunta. Idan ta sauka ƙarƙashin haɓa, na'urar za ta ɗauki muryarka a matsayin hayaniyar nesa ta rage ta. A cikin Zoom ko Teams a tabbatar Jabra aka zaɓa a wajen makirufo, ba a wajen lasifika kaɗai ba, don sau da yawa mutum na sanye da hedfon amma kwamfutar ce ke ɗaukar maganarsa. Kada kuma a kai tace hayaniya na manhajar maƙura, tacewa biyu kan cinye farkon kalmomi. A sauke Jabra Direct, manhajar kamfanin, a ɗaga adadin muryarka da ke dawo maka a kunne; rashin jin kai ne ke sa mutum ihu har gida duka su san sirrin ofishinsa.

Ɗaga sandar sama yana rufe makirufon. Idan ladan ya fara kiran Azahar ko La'asar daga masallacin unguwa, babu makirufon da zai ɓoye shi, kuma babu dalilin jin nauyi: a ɗaga sanda, a amsa, a sauke.

Rauninsa a bayyane yake. Ba shi da fasahar kashe ƙara ta lantarki, soson kunne kawai ke tarewa, kuma a kan kunne yake zama, bai rufe shi zagaye ba. Wato abokan taro za su ji ka garau, kai kuwa kana jin hirar tsakar gida. Masana halayyar aiki sun daɗe da gano cewa maganar da ake fahimta ta fi ƙarar inji raba hankali, don haka aikin rubutu mai zurfi ya fi dacewa da bayan Asuba. Kada a rufe hayaniya da ƙara sauti: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babba a desibel 80 na awa 40 a mako. Fatar soson kuma ba ta jure zufar Akara, tana ɓarewa. A goge ta da busasshen ƙyalle bayan aiki, ana kuma iya sauya ta. Mai tabarau ko mai hijabi mai kauri za ta ji matsi bayan awa biyu ko uku.

Jar fitilar da ke kunnuwa idan ana kan kira ta fi yadda ake zato amfani. A gidan da ba a rufe wa uwa ko ƙane ƙofa, alama ce da kowa zai koya cikin kwana biyu. Mai bincike Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa idan aka katse mutum, wani ɓangaren hankalinsa na maƙalewa a abin da ya bari. Fitilar tana rage katsewar ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Sauti mai kyau kuma na ba mutum damar kashe kyamara ba tare da ya ɓace a taro ba. Gwajin mai bincike Kristen Shockley na 2021 ya gano kunna kyamara na ƙara gajiya, musamman ga mata da sababbin ma'aikata, gajiyar kuma na rage musu magana. Ga mai sayen data da kuɗinsa, riba biyu ke nan.

Yana zuwa da USB-A ko USB-C, mai kunne ɗaya ko biyu, babu ƙaramin fulogin waya. Mazaunin gidan haya ya ɗauki mai kunne biyu, sai uwa mai sauraron jariri, ita mai ɗaya ya fi mata. Idan na hannu za a saya a Tip Toe Lane, kasuwar wayoyi da ke Circle a Akara, a je da kwamfuta. A jona, a ga ko Jabra Direct ta gane shi. A naɗi murya ta rabin minti a cikin hayaniyar kasuwar a saurara, a ɗaga sanda a ga ko sauti ya yanke, sannan a lanƙwasa wayar a hankali daidai inda ta shiga kunnen, don nan take fara tsinkewa.