Shan Kaye a Wasannin Bidiyo: Sharhi kan Elden Ring, Hades da Wasu

A 'yan watannin nan na buga wasannin bidiyo iri-iri, daga na faɗa da takobi zuwa na noma da na ƙwallon ƙafa, kuma ma'aunin da ya fi yi mini amfani wajen auna su shi ne abin da kowannensu yake yi wa mai wasa a lokacin da ya sha kaye, domin a nan ne ake gane ko waɗanda suka ƙirƙiri wasan suna ganin darajar lokacin mutum.

Wanda ya fi cinye mini lokaci shi ne Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 2022 ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. Tun a filin farko, wato Limgrave, akwai wani ƙaton jarumi a kan doki mai suna Tree Sentinel da ke sintiri a bakin hanya, kuma duk sabon shiga da ya tunkare shi kai tsaye zai kwashi kashinsa a hannu. Wasan ba ya faɗa wa mutum ya kauce masa, sai dai ya bar shi ya gano hakan da kansa. Idan aka kashe mai wasa, dukiyar da ya tara, wadda ake kira runes, tana zubewa a inda ya faɗi, kuma dama ɗaya kacal yake da ita ta komawa ya kwashe ta. Idan aka sake kashe shi kafin ya isa wurin, ta tafi ke nan. Wannan tsari yana sa kowane taku ya zama da nauyi. Abin da ya hana shi zama azaba shi ne faɗin duniyar wasan. Da Margit, mai tsaron hanyar fadar Stormveil, ya gagare ni, sai na hau doki na nufi kudu zuwa yankin Weeping Peninsula, na ƙara ƙarfi, na inganta makamina, sannan na dawo na same shi daidai da ni. Inda nake da ƙorafi shi ne labarin, wanda aka warwatsa shi cikin bayanan kayayyaki da zantuka masu harshen damo, ta yadda mutum zai iya kammala wasan bai san dalilin da ya sa ya yaƙi rabin waɗanda ya yaƙa ba. Akwai masu ɗaukar wannan a matsayin gwaninta, amma ni ina ganin an wuce gona da iri.

Hades, na kamfanin Supergiant Games, wanda cikakkensa ya fito a 2020, ya bi wata hanya dabam, kuma shi ne na fi yabawa a cikinsu duka. An gina shi a kan tatsuniyoyin tsoffin Girkawa: jarumin wasan, Zagreus, yana ƙoƙarin tserewa daga masarautar mahaifinsa Hades da ke ƙarƙashin ƙasa, yana ratsa yankunanta na Tartarus da Asphodel da Elysium, kuma duk lokacin da aka kashe shi sai ya sake tsintar kansa a gidan da ya baro. A yawancin wasanni irin wannan komawa farko asara ce tsantsa, amma a nan ita ce ke ciyar da labarin gaba, saboda mutanen gidan suna tuna wanda ya kayar da shi, suna yi masa ba'a ko jaje, kuma sabuwar hira tana buɗewa. Ɗakunan da ake ratsawa suna sauyawa a kowane zagaye, haka ma baiwar da ake samu a hanya, ga kuma makamai shida da kowanne ke da salon faɗansa. Har ila yau akwai wani zaɓi da ke rage illar dukan abokan gaba da kashi 20 cikin ɗari, yana ƙaruwa da kashi 2 bayan kowace faɗuwa har ya kai 80. Na ga hikima a cikin wannan, domin wanda hannunsa bai goge ba zai ga ƙarshen labarin ba tare da an rage wa gwani komai ba.

Stardew Valley kuwa kusan babu faɗuwa a cikinsa. Mutum ɗaya, Eric Barone, shi ya yi zanen da kiɗan da rubutun duka, ya fitar da shi a 2016. Mai wasa yana gadon gonar kakansa, yana shuka yana girbi, kowane yanayi na shekara yana da kwana 28, kuma mafi munin abin da yakan faru a harkar noman shi ne shuka ta bushe saboda yanayi ya juya kafin ta nuna, ko barci ya kwashe manomin a waje da ƙarfe biyu na dare. Yana kwantar da hankali matuƙa, ko da yake kamun kifinsa yana da wuya a farko fiye da yadda sauran wasan ya nuna.

Na kuma koma wa Portal 2 na kamfanin Valve, wanda ya fito tun 2011, kuma har yanzu bai tsufa ba. Wasa ne na wasa ƙwaƙwalwa, inda ake buɗe ƙofofi biyu a bango, a shiga ta ɗaya a fita ta ɗayar, kuma duk cijewar da mutum zai yi a cikinsa ta tunani ce, wadda kan warware da zarar ya kalli ɗakin ta wata fuska.

Wanda ya ɓata mini rai shi ne wani wasan ƙwallon ƙafa da ake karawa da mutane ta intanet. Ita kanta ƙwallon tana da daɗin bugawa, motsin 'yan wasa ya yi kama da na gaske, amma sashen da ake haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa an tsara shi ne ta yadda duk wanda aka lallasa zai ji cewa maganin matsalarsa yana cikin ƙunshin katunan da ake saya da kuɗi, alhali bai san abin da ke ciki ba sai ya biya. Ba mamaki hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke hukunci a 2018 cewa irin waɗannan ƙunshe-ƙunshe na sa'a da ake saya da kuɗi caca ne. Na daina shiga wannan sashe gaba ɗaya, na koma ɓangaren horar da ƙungiya, inda ake ɗauko ƙaramin kulob a raini matasan 'yan wasa kaka bayan kaka, kuma a can ne kawai nake ba da shawarar a buga shi, musamman idan yara ne za su riƙe na'urar.